Itatuwan da Ba Sa Jiran Ɗan Garuwa

Asabar

Magina sun kwashe komatsansu daga sabon gidan Yaya a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi. An yi shafe, an kafa ƙyaure, amma tsakar gida fayau, ba komai sai rairayi da ɓaraguzan bulo. Da hantsi ta aiko a kira ni. "Kai ne ɗan lakwal ɗin gidanmu," in ji ta, "je ka nemo mini abin dasawa tun damina ba ta faɗi ba. Ina son inuwa, ina son kyau." Ta damƙa mini kuɗi ƙulle a leda.

Na hau kabu-kabu zuwa wurin masu sayar da dashe a bakin titi. Baƙaƙen ledoji ne jere reras: bedi, turare, mangwaro, lemu, gwaba, furanni ja da fari, da wata doguwar bishiya siririya da ake jerawa a ƙofar otel, wadda inuwarta ko akuya ba ta isa ba. Har ciyawa ake sayarwa, a yanko ta da ƙasarta a je a shimfiɗa a gida. Na ce wa yaron da ke ba su ruwa, akwai gawo? Babu. Kanya fa, ko aduwa, ko danya? Ya ajiye butarsa ya dube ni sama da ƙasa. "Malam, waɗanga ai na daji ne. Wa za shi fidda kuɗinshi shi sayi abin da akuya ka shukawa kyauta?"

Ban ga laifinsa ba, abin da kasuwa ke so shi yake raino. Sai dai kusan duk abin da ke gabansa sai da ban-ruwa safe da yamma, a garin da ruwan shekara ke tsayawa wajen milimita 500, shi ma ya zuba cikin wata uku zuwa huɗu ya ɗauke. Yau zafi ya haura digiri 40. Na komo da kuɗin Yaya a aljihu, na ce ta ɗan yi mini haƙuri.

Lahadi

Da la'asar na zaga gari a ƙafa ina duban itatuwan titi. Bedi, bedi, bedi. Baƙo zai rantse ɗan gari ne, alhali daga Indiya aka kawo shi zamanin Turawa. Da Gulbi ya yi ambaliya a 1945 ya ci tsohon Maraɗi da ke cikin fadama, aka tayar da gari aka hau da shi tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, daga baya bedi ya samu wurin zama a gefensu. Kuma a faɗi gaskiya, ya yi wa garin nan rana. Mai shayi, mai faci, mai tuyar ƙosai, tsohon da ke jiran azahar, duk a gindinsa suke fakewa. Wanda ya ce a sare bedin Maraɗi don ba ɗan ƙasa ba ne, a binciki hankalinsa.

Abin da ke damuna shi ne gari guda ya dogara da itace iri ɗaya. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta bi bedi a Nijar da arewacin Najeriya, ganye ya riƙa kaɗewa, sai ɗan tuntu a ƙolin reshe, har masana suka yi ta zuwa daga waje suna dubawa. Allah Ya sa abin ya lafa. In ya dawo da ƙarfi fa? Ga shi ba a cin 'ya'yansa, dabba ma ba ta kula ganyensa sai wuya ta yi wuya.

Maƙwabcin Yaya ya shimfiɗa irin ciyawar nan a ƙofar gida. Ina tsaye ɗan garuwa ya turo kurarsa ya juye mata jarkoki, rairayi ya shanye ruwan tun bai karɓi kuɗinsa ba. Rabin ciyawar ma ta riga ta ƙone. A layin bayansu mata na zaune kan bokitai suna jiran famfo ya kawo.

Litinin

Ranar kasuwa. Na shiga layin masu kayan miya in ga abin da itatuwan da yaron nan ya raina suke kawowa. Garin kuka tsibi-tsibi a kwanuka. Tsamiya dunƙule-dunƙule. Goriba, aduwa, magarya, kurna. Gaba kaɗan ga tabarmi da faya-fayai da igiyoyin kaba. Ga allunan almajirai, waɗanda galibi da icen aduwa ake sassaƙa su, ga turamen kirya. A wajen masu dabbobi kuwa buhunan 'ya'yan gawo da na kalgo ne, masu kiwon raguna na ciniki ba da wasa ba, don a wannan watan ciyawa ta ƙare a daji.

Na daɗe a wurin wata tsohuwa mai bagaruwa. Ita majema ke dakawa su jiƙa su jeme fata. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, har aka buɗe mata cibiyar kiwo ta musamman a garin nan a 1963, a hannun majemanmu ba ta zama taiki ko takalmi sai ta kwana a ruwan bagaruwa. Na ce, "Inna, daga ina ake kawo ta?" Ta ce, "Daga fadama, ɗana. Da can jikokina ka tsinto mini ita nan kusa. Yanzu duk an yanka wurin an saida, sai an shiga mota."

Mu ci tuwo da miyar kuka da dare, mu sha ruwa da kunun tsamiya da azumi, in mun mutu a wanke mu da ganyen magarya. Amma a ce a dasa ɗaya daga cikinsu a ƙofar sabon gida, sai a ce ƙauyanci ne.

Talata

Da dare na kai maganar fadarmu ta shayi, ana zagayen shayi na biyu. Nan take gardama ta kaure. Wani ya ce tsamiya da kuka gidan iskoki ne, matarsa ba za ta runtsa ba in suna tsakar gida. Wani ya ce ƙaya fa, yara na yawo ba takalmi? Na uku ya ce shi matsalarsa jinkiri: ka dasa kanya, sai jikanka ya ci. Wannan ta ƙarshen ita ce mai nauyi, kuma ban yi musu da shi ba.

Akwai wani dattijo a fadarmu da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, ba ya cika magana. Ya ajiye kofi ya ce, "Ku bar zancen iskoki. Mu ne iskokin da suka kori itace daga gonaki." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce dokar Faransa ta 1935 ce ta fara mai da daji da manyan itatuwa na gwamnati, dokar 1974 ta bi sawunta, gawo kuwa na cikin waɗanda aka hana taɓawa. Manomi ya sari reshe a gonar da ya gada, a ci shi tara. To wa zai bar gawo ya girma ya zame masa ƙarfen ƙafa? Da ya ga tsiro sai ya tuge shi tun mai kaki bai gani ba. A gefe guda ana ta kashe kuɗi ana rainon turare da bedi a leda, a dasa da kiɗa da jawabi, rani ya zo gara da awaki da ƙishirwa su raba su. A watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kountché, a nan garin aka yi babban taron ƙasa kan hamada, wanda ya haifi abin da ake kira Alƙawarin Maraɗi. Amma a ganinsa abin da ya fi taro aiki shi ne ranar da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan itatuwan da manomi ya raina da hannunsa.

Ya ce in ina son gani da ido, in je gona yanzu, lokacin sassabe ne.

Laraba

Tibiri, birnin Gobirawa tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga Maraɗi ba ta kai tafiyar rabin awa ba. Ban tsaya cikin gari ba, na wuce gonar Kawu a kan jigawa, na iske shi da gatari da adda tun rana ba ta yi zafi ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "Zo nan, ɗan birni, ka ga aiki." Ya tsaya kan wani kumburin rairayi da kalgo ya yi toho, rassa sirara fiye da goma sun fito daga wuri ɗaya, tsawonsu bai wuce gwiwa ba. Ya tone gindin da ƙafa, sai ga baƙin kututture mai kaurin cinya. "Wanga ya girme ka," in ji shi. "Kowace shekara a sare shi, kowace shekara shi komo." Ya duƙa ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya ware huɗu masu ƙarfi da suka miƙe, sauran ya sare su daga tushe. Ya ce kututture mai toho da yawa gida ne mai 'ya'ya goma da akushi ɗaya, ba mai ƙoshi balle ya yi tsawo. Huɗun da ya bari ya rage musu ƙananan rassa har wajen rabin tsawonsu. Na lura daga ƙasa yake saran yana yin sama. Na tambaya. Ya ce in ka saro daga sama ɓawon ɗayewa yake yi har gindi, ciwo ya shiga. Ya yago tsumma ja daga aljihu ya ɗaura, don mai neman itacen wuta ya san da mai shi. Abin da ya sare bai ƙona ba. Ya baza shi nan ƙasa: ganyen ya kaɗe gara ta shigar da shi cikin ƙasa, rassan su tare rairayin da iska ke kwasowa, in sun bushe Inna matarsa ta aiko a kwashe. Kafin in gama kallon wannan ya wuce wata sabara.

Wannan shi ake kira sassaben zamani. Na dā kuwa, a sare komai ƙaf, a tara a cinna wuta, gona ta fito tas. Manomin kirki shi ne wanda za ka tsaya a wannan iyaka ka hango waccan ba abin da ya tare maka ido, wanda ya bar kututture ya yi toho kuwa ƙazami ne ko rago. Kawu ya ce sakamakon a watan shuka ake ganinsa: hatsi ya fito da kunne biyu, iskar gabas ta taso da rairayi ta yanke shi ko ta binne shi, a sake shuka, wata shekarar har iri ya ƙare.

Labarin yadda abin ya juya sananne ne. Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya, ya zo Maraɗi a 1981 ƙarƙashin mishan ta SIM, ya yi ta dashe yana mutuwa. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai. Shekara ta gaba aka shiga yunwar da mutanen nan ke kira El-Buhari. Aikin su Rinaudo ya riƙa ba da abinci ga wanda ya yarda ya bar toho a gonarsa, a ƙauyuka kusan 100, aka tsirar da itatuwa wajen 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku aka sare. Wannan ɓangaren ne masu ba da labarin ke yawan tsallakewa, ni kuwa shi ya fi burge ni, domin kashi ɗayan da ya rage ba don buhun masara aka bar shi ba. Masu shi sun ga itacen wuta a kusa, sun ga hatsi bai ragu ba, maƙwabta suka leƙo ta kan iyaka. Kawu ma a gonar wani ya gani ya kwaikwaya.

Alhamis

A Tibiri na kwana. Da sassafe muka koma gona, wannan karon gindin gawo. Duk duniya ta bushe, shi kaɗai ya yi shar, tumaki na kwance ƙarƙashinsa suna jiran iska ta kaɗo 'ya'ya. Da ruwa ya sauka zai zubar da ganyen nan kaf, ya tsaya tsirara damina guda, hatsin da ke gindinsa ya sha rana ya ci takin ganye da na dabbobin da suka yini a wurin duk rani. Saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun takin zamani. Kawu ya nuna mini kututturan karan bara: na gindin gawo sun fi na fili kauri, ba sai an auna ba. Ba banza ba ake ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo.

Inna ta kawo mana fura. Na tambaye ta ita me ta gani. Ta ce, "Ni dai ƙafata ta huta. Muna amare, kara da kashin shanu muka dahuwa da su, in kana son icen kirki sai ka yini." Sabara kuwa ta ce ba gidan mai jego da ba ta shiga. Na gaya mata wani bincike da aka yi a Senegal ya nuna saiwar sabara na jawo ruwa daga can ƙasa cikin dare, hatsin da ke kusa da ita ya samu rabo. Ta ce ita ba ta je Senegal ba, amma ta san inda hatsi ke jure fari a gonar mijinta.

Ba komai ne daɗi ba. Kawu ya kai ni wurin wata kirya da ya yi shekaru yana raino, aka zo cikin dare aka sare, sai sabon kututture fari. Birni na cin itace da gawayi kullum, kuma daga irin gonakin nan ake kai masa. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta wajen Agye sai da mutane suka kafa kwamitin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, kafin abin ya tsaya.

Da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na dā da na yanzu, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace ya komo a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. A 2018 Rinaudo ya samu lambar Right Livelihood, shekarar da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya samu. Rinaudo ya cancanta. Amma gawon da ya rufe Mirya da Magarya da Matamaye manoman can ne suka raine shi da dabararsu, kuma ko a nan gatarin na su Kawu ne.

Juma'a

Na komo da 'ya'yan gawo da aduwa da kuka a buhu. Bayan masallaci muka zauna da yaran Yaya muna ɓarewa. Kwanson gawo a murɗe yake, ruwan lemu, ƙwayar ciki mai sheƙi da tauri. In ka shuka ta haka nan sai ta yi ta kwana, shi ya sa wadda ta bi ta cikin akuya ta fi saurin fita. Mu da abin yanke farce muka ɗan ƙwalle gefen kowace, muka zuba a ruwa ta kwana ta kumbura. Ba a barin gawo ya daɗe a leda, don saiwarsa ƙasa take nufa kai tsaye tun ganye bai kai komai ba, in ta naɗe an cuce shi. Aduwa kuwa yara suka tsotse, ƙwallon za a binne shi a inda ake son itacen.

Gawo ba na tsakar gida ba ne, ya yi girma, ga ƙaya. Wurinsa filin lakwal, filin idi, maƙabarta, kasuwar dabbobi, tunda inuwarsa na zuwa daidai lokacin da ake nemanta. Da Yaya muka daidaita a kan kanya a kusurwar da ruwan wanke-wanke ke gangarawa, kuka biyu da za a riƙa datse wa kai ana cin ganye, magarya mai aure, irin mai manyan 'ya'ya da ake ɗaurawa kan saiwar tamu, sai yakuwa da lalo da gasaya in ruwa ya zauna. Tsamiya ta ce a waje, ba a cikin gidanta ba, ban ja ba. Mangwaro ɗaya ta ce ba fashi, shi ma ban ja ba, don kafin kanya ta yi inuwa ana bukatar wurin shimfiɗa tabarma. Batun kyau kuwa na kawo mata kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja da ke fitowa tsakiyar rani ba ruwa. Tamu ce ta Sahel, amma yau a Tailan ake rainonta ana sayar wa duniya a tukwane. Ruwan jikinta dafi ne, don haka can bayan ɗaki za ta zauna, inda yara da awaki ba sa kaiwa.

Asabar

Jiratawa, kudu da gari. Nan ne maganata ta ɗan yi sanyi. Filin noman rani ne mai hekta fiye da 500 da aka shimfiɗa a farkon shekarun 1980, injuna na jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da kuran. Kore ko'ina: albasa, tumatir, masara, da zogala layi-layi, mata na tsinka ana cusawa a buhuna. Zogala ma daga Indiya take, mangwaro haka, kuma su ke biyan kuɗin lakwal da na magani a gidaje da yawa a nan. Ba mai hankalin da zai ce a tuge su a dasa sabara.

Amma wani mai garka da na zauna da shi ya nuna mini inda bambancin yake. Duk abin da ke cikin fangalinsa ransa na hannun inji. Gulbi ba ya kawo ruwa yadda yake yi kafin a gina madatsar Jibiya a Najeriya, kuma da aka yanke wutar da ke zuwa daga can a watan Agustan 2023, kowa ya ga yadda abin yake. Shingensa kuwa, magarya da bagaruwa da layin gamba, bai taɓa ba su ko buta ɗaya ba. Su ke tare masa iska da awaki, gambar ya yanka ya yi zana, bagaruwar majema su saye. Ya ce, "Malam, ruwan tsada a ba abin da za a ci ko a saida. Inuwa da shinge a bar wa wanda ka neman ruwanshi da kanshi." Abin da muka kasa ganewa ke nan a cikin birni, inda muke sayen ruwa mu zuba wa ciyawar da ko tunkiya ba a bari ta ci.

A hanyar komowa na ga gonakin gefen gari da aka yanka filaye, an kafa duwatsun iyaka. Itatuwan da wani ya yi shekara ashirin yana raino suna nan tsaye a ciki, wasu an riga an kwantar, don abin da mai fili ke fara yi shi ne ya kira a share masa wuri tas. Ran 3 ga Agusta kuma, ranar dashen itace, a fito da kiɗa a dasa bedi a leda.

Kai mai sabon fili a Maraɗi, kafin ka kira masu shara ka je da ƙafarka ka duba. In ka samu aduwa ko kalgo ko danya, ko da kututture ne mai toho, ka nuna wa magini ya kauce masa, ka kewaye shi da bulo, ka rage masa rassa. Masu sayar da dashe kuma a riƙa tambayarsu kanya da tsamiya da kariya har su gaji su fara rainonsu. Mai son iri ya tsinta tun da rani, don kafin ruwan farko awaki sun gama da abin da ya zuba.